Takardar da Aka Karanta a Zaure

Matameye, 4 ga Yuni, 1956

Zuwa ga ɗana Sani, malamin asibiti a Kano.

Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai ga nasa ba. Yaya aiki, yaya Maryama da yara? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka. Innarka Salamatu tana gaishe ku.

Dangantakarmu ba ta kusa ba ce, kakarka da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne. Amma ni na kama hannunka na koya maka baƙaƙen boko kafin mahaifinka ya kwashe ku zuwa Kano. Da wannan haƙƙin nake rubuto maka abin da ban faɗa wa kowa ba.

Tun kaka nake ramewa. Ƙishirwa ba ta barina, kewayawa kuwa sau goma a yini, har na lura tururuwa suna taruwa a inda na tsuguna. Watan jiya na ce wa gida zan je Damagaram neman wata takarda a ofishin kumandan, baturen mulki, na zarce asibiti. Likita bature ya dafa fitsarina a 'yar kwalba, ya koma ja kamar jar ƙasa, ya ce ciwon sukari ne. Ya ba ni takardar abin da zan ci. Na karanta ta tsaf, don Faransancina bai tsufa ba, ko da yake lakwal, makarantar bokon da aka sa min suna Mushe, wato malami, ta sallame ni bayan shekara ashirin da biyu ta ɗauko yara masu sabuwar takardar shaida. Burodi giram kaza, salati, gasasshen nama. Ba tuwo a ciki, ba fura, ba koko. Don cikin wani aka rubuta ta, ba nawa ba.

Kai kana ganin masu irin wannan ciwon kullum, kuma Hausawa ne. Ka faɗa min yadda Bahaushe yake ci ya rayu da shi.

Sai dai ka riƙe wannan amana. Ko Salamatu ba na so ta ji. Ka tuna zauren Malam Dawuda, inda mu bakwai muke ciyayya, kowa a fito da akushin gidansa bayan magariba mu haɗa hannu. Shekara goma sha tara ke nan. Tun da aka raba ni da allo da alli, abu biyu suka rage min a garin nan: ana kawo min wasiƙu in karanta wa mutane, kuma ina da wurin zama a zauren nan. Ba na so in zama wanda ake nunawa da baki, ana cewa ga mai fitsarin da tururuwa ke bi.

Ka ba Alhaji Hamisu amsa in kamiyonsa, babbar motar kayansa, zai dawo. Ka liƙe ta da kyau.

Kawunka,
Mushe Cha'ibu


Kano, 17 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Kawu Mushe Cha'ibu.

Gaisuwa da ban girma. Muna lafiya, Maryama tana gaida Inna. Takardarka ta iso, na karanta ni kaɗai. Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne.

Kawu, ciwon nan ba ya warkewa, amma ana zama da shi kamar maƙwabci mai faɗa. In ka san halinsa sai ku shekara ba a ji kanku ba.

Ka bar sukari gaba ɗaya, a shayi, a koko, a fura. Haka zuma da dabino da rake da nakiya. Tuwo ba a hana ka ba, amma malmala ɗaya ka raba biyu ka ci rabi, miya ta fi tuwon yawa. Ka yawaita wake da zogale da rama da kuɓewa, da ƙwai ko nama in sun samu. Fura ludayi uku ta isa, nonon ya rinjayi dawon. Ka ci sau uku a kan lokaci, kada ka yini da yunwa sannan ka cika ciki da magariba. Bayan sallar asuba ka taka zuwa bakin gona ka dawo.

Abin da ya fi damuna ƙafa ce. Ciwon yana kashe jin ƙafa a hankali, mutum ya taka ƙaya bai sani ba. Kowace safiya in gari ya waye ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu. In ka yi alwala ka share ruwan, ka shafa man gyaɗa a faso. Kada ka taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, kuma ka karkaɗe shi kafin ka sa. Kada aska ta taɓa ƙafarka, ta wanzami ko taka. Rauni komai ƙanƙantarsa, asibiti.

Saura magana ɗaya, ka yi min haƙuri. Kawu, ba kai ke riƙe da muciya ba. Duk abin da na lissafa, a madafa ake yinsa. Ban taɓa ganin wanda ya iya da ciwon nan mai dafa masa ba ta sani ba. Ka faɗa wa Inna, ko ka ba ni izini in faɗa mata.

Ɗanka,
Sani


Matameye, 2 ga Yuli, 1956

Ɗana Sani,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Shuka ta yi kyau, ana noman farko.

Na gode. Takardarka ta fi ta bature hankali. Izinin da ka nema kuwa, babu. Salamatu macen kirki ce, amma abin da ta ji da safe, kafin hantsi ya kai bakin rijiya. Shekara talatin muna tare, na fi ka saninta.

Ina ƙoƙari. Shayin safe na ce haƙori ke min ciwo, aka daina sa min sukari. Ina zuwa bakin gona in dawo, har mutane sun fara cewa Mushe ya tsufa ya gano noma. Zauren ne da wuya. Akushi bakwai ne, kuma ka san in ka tsame hannu da wuri daga tuwon gidan mutum, matarsa ka zaga. Furar gidan Alhaji Hamisu da sukari take zuwa, don a san ɗan kasuwa ne. Nakan kai ludayin baki in mayar, wani lokaci in sha. Jiya Malam Dawuda ya ce ko na fara cin abinci a wani gida ne a ɓoye, a faɗa wa Salamatu ta shirya. Aka yi dariya, na taya su.

Ka ce in duba ƙafa, na duba. Akwai ɗan rami a ƙarƙashin babban yatsan dama. Ina jin ƙaya ce a hanyar gona, ban ma san lokacin ba, sai jini na gani a buzun salla. Kwana tara ke nan bai rufe ba, amma ba ya zafi ko kaɗan, saboda haka ba wani abu ba ne. Na sa masa man shanu. Ba zan hau kamiyo zuwa Damagaram a kan ƙaya ba, me zan ce wa gida wannan karon?

Kawunka,
Mushe Cha'ibu


Matameye, 22 ga Yuli, 1956

Sani,

An yi Salla lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da wadda ta fi ta.

Kwana biyu kafin Salla Alhaji Hamisu ya sauka da takarda daga gare ka. Ba tawa ba ce. Ta Salamatu ce, da ajami, don kada ta biyo ta hannuna. Dabara ta yi kyau. Abin da ka manta shi ne innarka ba ta karanta komai sai surorin da ta haddace tana yarinya. Da takarda ta zo wa mace a Matameye, wurin mutum biyu take kai ta, ko ni ko Malam Dawuda. Ka rufe mata ƙofata, sai ta tafi ɗayar.

Ta same shi bayan la'asar a zaure, da mutum huɗu a zaune. Ta tsuguna daga bakin ƙofa ta miƙa. Shi kuwa ya karanta yadda ya saba karanta kowace takarda, da ƙarfi, yana bi da yatsa. Sunan ciwon, da rabin malmala, da ramin da ke yatsana, da inda ka ce ta lura da yawan fitsarina. An ce a nan ya tsaya ya maimaita, wai rubutun bai fito ba.

Ni ban san komai ba. Na fito bayan magariba na zauna a wurina. Sai ga akushin gidana ya fito, da wani ɗan kwano rufaffe a kansa. Aka ajiye kwanon a gabana, wake da zogale. Ina kallo Alhaji Hamisu ya ja ƙwaryar fura ya mayar bayansa kamar ana ɓoye wa yaro wuƙa. Ba wanda ya dube ni. Malam Dawuda ne ya kasa haƙuri.

“Mushe, ashe shekara da shekaru da mai kanti muke zaune ba mu sani ba. Da ka faɗa ai da Alhaji ya daina wahalar ɗauko sukari daga Kano.”

Suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani, kuma wannan ya fi ciwo. Can sai wani daga cikinsu, ba zan rubuta sunansa ba, ya aika gida aka kawo masa ludayinsa daban, wai ba a san yadda abin yake kama mutum ba. Mutumin da muka sha da ludayi ɗaya shekara goma sha tara. Na ɗauki takalmina na fita.

Sani, babu gidan da ban san cikinsa ba a garin nan. Na karanta takardun saki, na karanta na 'ya'yan da suka shiga kurkuku a Kano iyayensu suna cewa fatauci suka tafi. Har na gidan Malam Dawuda akwai wanda ya biyo ta hannuna da boko. Ko Salamatu ba ta taɓa jin harafi ɗaya daga bakina ba. Sau ɗaya a rayuwata na ba wani nawa sirrin, na zaɓi wanda ni na koya wa riƙe alƙalami, kuma da alƙalamin ya tona ni. Lakwal da ta kore ni ba ta taɓa yi min alkawari ba. Kai ka nemi izini, na hana, ka yi.

Ina jiran in ji abin da za ka ce.

Cha'ibu


Matameye, 30 ga Agusta, 1956

Sani,

Da fatan kuna lafiya, tunda ba wanda ya kawo labarin akasin haka.

Kamiyon Alhaji ya je Kano sau uku ya dawo, ba ko layi ɗaya. Na gane. Malamin asibiti ya ba da umarni ga mai dafa abinci, me kuma zai ce wa majinyaci?

To ga labarin majinyacinka. Kwana goma na yi ina ci ni kaɗai a ɗaki, mata suna shigowa sannu kamar an yi rasuwa. A na sha ɗaya na koma zaure. Na ce musu yaron Kano ya ruɗe ne, karatun asibiti ya yi masa yawa, lafiyata ƙalau. Na jawo ƙwaryar Alhaji, na sa aka ƙara mata sukari dunƙule biyar, na shanye a gabansu. Haka nake yi kowace magariba. Ɗan kwanon Salamatu yana fitowa, ina mayar da shi a rufe. Tana kuka, ta ce ita ba ta san abin da ke cikin takardar ba sai da aka karanta. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ba da ita nake ba.

Yatsan ya kumbura, kumburin ya hau har idon sawu, takalmi ba ya shiga. Ranar Talata na kira wanzami ya yi min sakiya. Ya gasa ƙarfen ya yi ja, ya huda wuri biyu. Mutum uku aka kira su danne ni, ba a bukace su ba, ko motsi ban yi ba. Yanzu maganar da ake yi a gari ita ce Mushe Cha'ibu namiji ne, wuta ta shiga namansa yana hira. Ka ga an samu abin faɗa a kaina wanda ba fitsari ba.

Na san abin da ka ce game da aska da wanzami. Takardarka tana nan, na haddace ta. Na rubuto ne don ka sani.

Cha'ibu


Kano, 19 ga Satumba, 1956

Kawu,

Ina gaishe ka, ina neman gafararka. Ba shiru na yi maka ba. Tun bayan Salla aka tura mu rangadin ƙauyuka yi wa mutane lambar rigakafin agana, jiya na dawo na tarar da takardunka biyu a hannun Maryama ba a buɗe ba.

Na yi laifi. Na ɗauka Inna tana karanta ajami, don ina yaro na sha ganinta da allo. Na daɗe a birni har na manta yadda ake karanta takarda a gida. Abin da ya faru a zaure ni na jawo maka, ba ni da abin cewa.

Amma ba zan yi maka ƙarya in ce na yi nadamar sanar da ita ba. Da na karanta cewa ramin ba ya zafi, nan take na ɗauki alƙalami na rubuta mata. Rashin zafin shi ne ciwon. Wutar da ba ka ji ba, Kawu, ba jarunta ba ce, ƙafar ce take mutuwa. Na ga irinta a nan, na riƙe fitila ana yankewa daga gwiwa, wasu kuma an makara.

Ka tafi asibitin Damagaram ranar da wannan ta same ka. Kuma don kada ka ji daga bakin wani, na sake yin abin da ka hana. Na zaunar da Alhaji Hamisu na faɗa masa komai da baki, na ce in ka ƙi su ɗauke ka. Ka yi fushi da ni shekara ashirin, na yarda, in dai a tsaye za ka yi shi.

Ɗanka,
Sani


Matameye, 2 ga Disamba, 1956

Sani,

Bayan gaisuwa. An cire gyaɗa, an gode Allah. Salamatu tana gaishe ku.

Takardarka da masu ɗaukata tare suka iso. Ban gama karantawa ba na ji sallama, su huɗu, Alhaji Hamisu a gaba, Malam Dawuda a baya yana kallon ƙasa. Salamatu ta riga ta ɗaure min kaya. Na ce ba inda za ni, na faɗa da Hausa na faɗa da Faransanci. Alhaji ya ce in kai ƙara wurin kumandan in mun isa, ai hanya ɗaya ce. Suka ɗora ni a kan ƙyauren ɗakina suka ratsa gari da ni da rana tsaka, yara suna bi, har wurin kamiyo.

An yanke yatsu uku da gaban ƙafar. Likita ya ce da an ƙara mako guda, daga gwiwa za a yi, ko kuma a yi min sutura. Na yi wata biyu a kwance. Ya tambayi wanda ya sa aka kawo ni, na ce wani dangi ne na nesa. Ya ce in gode masa.

Yanzu ina bin takardarka layi layi. Kowace safiya anfirmen garin nan, malamin asibitinmu, yana yi min allura. Ina cin rabin malmala, ina shan ludayi uku. Ba na kaiwa bakin gona, amma ina dogara sanda zuwa masallaci in dawo. Baduku ya ɗinka min takalmi mai taushi, an cusa auduga inda yatsun suke a da. Idona ba ya ganin tafin ƙafa sosai, saboda haka Salamatu ke dubawa in rana ta fito, ta bi tsakanin yatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ta shafa mai. Ba ta taɓa fashi ba. Ka yi gaskiya a kanta, ni na yi kuskure.

Malam Dawuda ya zo ya ba ni haƙuri, ya ce shi bai san takardar sirri ba ce, ba a rubuta a bayanta ba. Sun matsa na koma zaure. Furar Alhaji yanzu ba sukari, saboda ni, kuma ba daren da ba a tuna min. Mai ludayi daban ya mayar da nasa gida. In na kai hannu akushi idanun mutum shida suna ƙirga lomata, in na kai ta biyar wani ya yi gyaran murya. Da ina zuwa zauren nan a matsayin Mushe, a tambaye ni labarin duniya. Yanzu majinyacinsu ne ni, suna kula da ni da kyau, kamar yadda ake kula da tsohon doki.

Ni ba mai musun hujja ba ne. Ƙafar da nake takawa kai ka cece ta, na faɗa, ga shi na rubuta. Na kwana biyu ina neman yadda wannan zai goge tona min asiri da ka yi, ban samu ba. Da ka hau kamiyo ka zo ka dube ni ido da ido ka ce Kawu zan faɗa mata ko ka yarda ko ka ƙi, da na zage ka na huce. Tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu. Ka zaɓi ka bi ta bayana.

Alhaji ya ce kana so ku zo da Maryama kafin sanyi ya wuce, kana tsoron ko ba zan karɓe ka ba. Ku zo. Gidan innarka ne, za a share muku ɗaki, a yanka muku kaza. In ka ce in miƙo ƙafa, zan miƙa, abin da ka ce a yi mata za a yi. Hira kuwa, ka yi da Salamatu.

Cha'ibu